Layin sifili da bai kamata ya fito ba

Talata. Hazo tun asuba, ruwan randa kamar ƙanƙara. Darasin safe ya tafi lafiya, har na gama makin takardun 'yan aji biyu da na yi mako guda ina ja. Inna ta aiko da ɗanwake. Har la'asar dai ba ni da abin kuka.

Sai ga Auta da littafinta a hammata. Daga yanayin tafiyarta na san gwaninta ta zo nunawa.

"Kawu, aikin nan da aka ba mu amsarsa ba iyaka. Duk ajin amsa ɗaya suka samu, ni kaɗai na gano."

Ikweshan uku ne:

x + y + z = 6
2x + 3y + z = 11
x + 2y + 3z = 14

Farkon aikin ba laifi. Ta zubar da haruffan, ta jera lambobin da ke gabansu layi-layi, ta ja sanda a tsaye, ta sa amsoshin a bayanta. Matiriks mai ƙarin gefe ke nan:

1 1 1 | 6
2 3 1 | 11
1 2 3 | 14

Lambar farko a layi na ɗaya 1 ce, ta yi daidai da zama jigo, wato lambar da ake share na ƙasanta da ita su koma sifili. Ta ninka layi na ɗaya sau biyu ta ɗebe daga na biyu, ya zama 0 1 −1 | −1. Ta ɗebe layi na ɗaya daga na uku, ya zama 0 1 2 | 8. Ba ta manta da bayan sanda ba, wanda nan ne yawancin yara ke faɗuwa: su gyara hagu su bar 11 da 14 zaune yadda suke. Na ce mata madalla.

A mataki na gaba ne ta rubuta abu biyu a gefen takarda, L2 − L3 da L3 − L2, wato ɗebe layi na uku daga na biyu, da ɗebe na biyu daga na uku. Layi na biyu ya koma 0 0 −3 | −9, na uku ya koma 0 0 3 | 9. Ta haɗa su, sai ga sifili huɗu reras. Abin da ya rage mata shi ne z = 3 da x + y = 3, sai ta ce y ta zama duk lambar da aka ga dama, x kuma 3 a cire y.

"Kin gwada?"

"Na gwada, Kawu. Da y = 2 ya yi, duka ukun."

Dole ya yi, ai ita ce amsar gaskiya, ta faɗa kanta da sa'a. Na ce ta sa y = 0. Sai x ta zama 3, z ma 3. Ikweshan na ɗaya ya ba da 6, ta ɗago tana murmushi. Na biyu ya ba da 6 da 0 da 3, wato 9, alhali 11 ake nema. Murmushin ya tsaya.

Ta bi lissafinta lamba-lamba har sau biyu, ba ta samu kuskure ba, domin babu shi a tarawa ko ɗebewa. Kowane layi da ta rubuta gaskiya ne: z ɗin 3 ce. Ɓarnar ita ce ta zubar da wani sani ba tare da ta lura ba. Layi biyu da take da su kowanne yana ɗauke da labarin y. Da ta maye gurbinsu duka biyun a lokaci guda, tana kallon tsohon matiriks, sai ta samu magana ɗaya an faɗe ta sau biyu, sau ɗaya da alamar ɗebewa. Labarin y ya bi iska, kuma daga sabbin layukan ba hanyar komawa tsofaffin.

Abubuwa uku kaɗai aka yarje a yi wa layi. A musanya wuraren layi biyu, ko a ninka layi da lambar da ba sifili ba, ko a ƙara wa layi ninkin wani layin dabam. An zaɓe su ne saboda kowanne ana iya warware shi. In ka ninka da 3 ka raba da 3, in ka ɗebe ninki biyu na layi na ɗaya ka mayar. Muddin ana iya komawa baya, amsoshin sabon tsari su ne na tsohon. Shi ya sa aka hana ninkawa da sifili, kuma abin da Auta ta yi ɗan'uwansa ne da ya sake riga. Da ta yi su ɗaya bayan ɗaya da ba komai: in ta fara da L2 − L3, to L2 ɗin da za ta ɗebe daga na uku sabon ne, 0 0 −3 | −9, kuma y tana nan a layi na uku ba ta ɓata ba.

Hanyar da ta fi sauƙi, a bar layi na biyu yadda yake tunda jigonsa 1 ne, a ɗebe shi daga na uku, a samu 0 0 3 | 9. Daga nan a hau daga ƙasa: z = 3, sai y − 3 = −1 ya ba da y = 2, sai x = 6 − 2 − 3 = 1. Minti biyu.

Nan ta ce abin da ya hana ni sukuni har yanzu.

"To Kawu, ai kai ka ce a riƙa yin biyu tare don kada lokaci ya ƙure. A matakin farko ma biyu na yi tare, ka ce madalla."

Gaskiyarta. A matakin farko an taɓa layi na biyu da na uku lokaci guda, kuma halal ne, saboda layin da aka yi aiki da shi, na ɗaya, ba a taɓa shi ba. Sharaɗin ke nan: layin da kake sara da shi ya zauna yadda yake har ka gama wannan zagayen. Ni a kaina wannan a fili yake har ban taɓa jin bukatar furta shi ba. Na duba takardar da nake raba wa ɗalibai, shafi uku, babu shi ko a gefe. Shekara nawa ina ba da gajeriyar hanya ba tare da shingenta ba? Su waye na ja wa jan biro a kan layin sifili, na rubuta "a kula", alhali sun kula, abin da na koya musu suka bi?

Abin da ya sa kuskuren ke da haɗari shi ne layin sifili na gaske yana nan, kuma kamarsu ɗaya. In da ikweshan na uku jimillar na ɗaya da na biyu ne, wato 3x + 4y + 2z = 17, to 0 0 0 | 0 zai fito da kansa, kuma amsoshin ba iyaka da gaske. In an canza 17 zuwa 20, sai 0 0 0 | 3 ya fito, wato sifili daidai da uku, ba amsa ke nan sam. Yaron da ya haddace waɗannan biyun da kyau shi ne zai fi saurin yarda da sifilin ƙarya. Maganin da na ba ta: duk lokacin da amsa ta zo da lamba mai 'yanci, a gwada ƙima biyu dabam-dabam, a cikin ikweshan na asali duka, kada a tsaya a na farko.

Bayan magariba an ɗauke wuta, ina zaune sai mutanen Sin suka faɗo mini. Wannan hanya ta layuka da muke jingina wa Gauss, Bajamushen da ya rasu a 1855, tana cikin babi na takwas na littafin lissafinsu mai babi tara tun zamanin daular Han, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekarar 263. Matsalar farko a babin ma dammunan hatsi ne iri uku, amsoshin bayan sanda 39 da 34 da 26. Da 'yan sanduna suke aikin a kan faifai, ja na ƙari, baƙi na ragi, kowane ikweshan a jere a tsaye. Ina ganin mai sanduna da wuya ya yi kuskuren Auta, don da zarar ya kwashe sanduna daga jeri, tsohon jerin ya tafi, ba abin da zai waiwaya ya kalla. Takarda ce ke ajiye tsohon matiriks a sama yana yi wa mutum ƙyafce.

Tuwo ya huce kafin na tuna da shi. Auta ba ta fito hira ba, ko fushi ko barci.

Na ƙara layi ɗaya da biro a shafi na biyu na takardar, ƙarƙashin ayyuka ukun. Kwafi arba'in da wani abu suna hannun yara tun makon jiya, sai dai gobe in sa kowa ya rubuta da hannunsa. Zan fara da aikin Auta a kan allo, ba suna, in ga mutum nawa za su ce daidai ne.