Katin asibiti a Legas da zaman jiran lamba

A Maraɗi ba a zuwa likita don a duba lafiya kawai. Sai ciwo ya kwantar da mutum ake kai shi, a biya kuɗin gani, a karɓi takardar magani a wuce farmasi. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu haihuwa ta tiyata ne gwamnatin Nijar ta ce ta ɗauke wa kuɗi tun 2006. Da wannan sabo na iso Legas, na sami aikin tuƙi a wani kamfani a Apapa, aka miƙo mini katin inshora da doguwar takarda mai sunayen asibitoci, wai in zaɓi ɗaya.

Wani dattijo a masallacinmu na Agege, tsohon direba ne shi ma, ya ce mini: "Ɗana, kada ka bi girman gini. Zaɓi wanda in zazzaɓi ya kama yaro cikin dare za ka isa da keke napep." Gaskiyarsa. Wanda ya san cunkoson hanyar Oshodi ba zai ajiye iyalinsa a Agege ya zaɓi asibiti a Ikoyi ba.

Yadda abin yake, kamfanin inshorar da ake kira HMO yana biyan asibitin da ka zaɓa wani abu a kan kowane mutum duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Cikin wannan kuɗin ake ganin likita, a auna hawan jini, a yi gwajin maleriya. Da zarar likita ya rubuta hoton ciki ko ya ce sai ƙwararre ya gan ka, to sai an nemo lambar izini daga HMO.

Nan fa ake yin ta. Akwai tebur daban na masu kati, da wata ma'aikaciya mai waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a caji. Ta tura saƙo ta ce ka zauna. Kana kan benci kana kallon masu biyan kuɗi hannu suna shiga suna fita. Lambar takan zo kafin azahar, wani lokacin sai bayan la'asar. Ni yanzu da kaina nake kiran lambar da ke bayan katin, kuma abin ya fi sauri. Ban cika ganin laifin ma'aikaciyar ba, don asibitocin ma kuka suke cewa kuɗinsu na daɗewa bai fito ba.

Duba lafiya na shekara kuwa ba kowane kati ke ɗauka ba. Nawa ya ɗauki awon suga da fitsari, na ƙoda da aljihuna na biya. In aka ce magani ya ƙare, je ka kemis, ina karɓar rasit mai hatimi. Kuma ba na sa hannu a takardar da ba a cike ba, tunda na taɓa ganin an rubuta mini allurar da ba a yi mini ba.

Inda tsarin ya fi ƙuntata wa mutanenmu shi ne lissafin iyali. A inshorar ma'aikatan tarayya, mata ɗaya ce da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma katin kamfaninmu ma haka yake. Mai mata biyu sai ya san yadda zai yi.

Dokar 2022 da Buhari ya sa wa hannu ta wajabta inshora har kan baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, amma a zango yawanci ko labarinta ba a ji ba. Masu shago da 'yan dako ba su da kamfanin da zai biya musu. Su nake turawa zuwa Ilera Eko, shirin inshorar lafiya na jihar Legas da hukumar lafiya ta LASHMA ke gudanarwa, wanda mutum ke biya da kansa shekara-shekara. Maƙwabcina mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta nan ya yi wa amaryarsa rajista kafin ta fara awon ciki.