Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Likitan Yara na Khan Yunis

Makon jiya na tsaya a inda na kama ɗakin haya a unguwar Ibrahimiyya, cikin Iskandariya ta ƙasar Masar, ina shekara ta uku a karatun likitanci. Wanda muka haɗa kuɗin haya da shi Bafalasɗine ne ɗan Khan Yunis. Ba zan ambaci sunansa ba, don har yau danginsa suna Gaza. Shi ya koya mini cin burodi da za'atar, wani garin ganyen ƙamshi da riɗi, da man zaitun bayan sallar asuba, ni kuma na saba masa da yajin ƙuli da Hajiyata ke aiko mini a cikin gwangwanin madara.

A kan teburinsa, tsakanin littattafai, akwai hoton wani mutum mai gemu da tabarau. Na ɗauka babansa ne. Da na tambaya sai ya ce Dakta Abdul'aziz Rantisi ke nan, kuma a jami'ar nan tamu ya yi karatu. Mahaifiyarsa ta sha ba shi labarin yadda gudawa ta kusa halaka shi yana goye, aka ruga da shi asibitin Nasir na Khan Yunis, mutumin nan ne ya sa masa ƙarin ruwa. "Ɗan'uwa," in ji shi, "bayan Allah, hannun nan ne ya tsayar da ni."

Daga bakinsa na fara jin tarihin, sauran kuma na bi na karanta da kaina. An haifi Rantisi a 1947 a garin Yibna, kudu da Yafa. Bai yi wayo ba yaƙin 1948 ya kori iyayensa, suka ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Khan Yunis. Yana ɗan shekara tara, a 1956, sojojin Isra'ila suka shiga garin suka kashe mutane da yawa, kuma shi da bakinsa ya ce a gabansa aka harbe kawunsa. Duk da talauci ya yi fice a makaranta har ya samu zuwa Masar, ya ƙware a kan lafiyar yara. A nan Masar ɗin ne kuma ra'ayin Ikhwanul Muslimin ya shige shi. Ya koma gida ya riƙe sashen yara a asibitin Nasir, daga baya ya koyar a Jami'ar Musulunci ta Gaza.

Disambar 1987 ce ta juya masa rayuwa. Wata babbar motar Isra'ila ta murƙushe ma'aikata Falasɗinawa huɗu, Jabaliya ta kama da wuta, boren Falasɗinawa na farko, wato Intifada, ya ɓarke. A cikin kwanakin nan ne Rantisi da Sheikh Ahmad Yasin da wasu 'yan tsiraru suka kafa Hamas. Duniya ba ta san fuskarsa sosai ba sai a Disambar 1992, da Isra'ila ta kwashe mutum 415 ta zube su a Marj al-Zuhur, kan tsaunukan kudancin Labanan, a tsakiyar hunturu. Labanan ta ƙi karɓarsu, suka kafa tantuna a cikin sanyi, shi ya zama mai magana da yawunsu. Da ya dawo gidan yarin Isra'ila ya wuce, sai 1997 ya fito. Ita ma hukumar Yasir Arafat ta tsare shi, saboda bai taɓa ɓoye ƙin jinin yarjejeniyar sulhu ta Oslo da aka ƙulla da Isra'ila ba.

Inda muka saɓa da abokina shi ne watan Yunin 2003. Ranar 10 ga wata jirgin Isra'ila mai saukar ungulu ya harba wa motar Rantisi makami, ya tsira da rauni. Washegari ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a cikin motar bas a Ƙudus, mutum 17 suka mutu. Rantisi dai a fili yake kare irin waɗannan hare-hare, ba ya kwana-kwana. A lokacin muna zagayen asibitin yara na Shatibi, kullum hannuna na kan cikin wani jariri ina neman saifa ko hanta. Da dare na kasa haƙuri na ce masa, "Ɗan'uwa, likitan yara ne fa. Wanda ya san nauyin jariri a tafin hannu, yaya zai sa albarka a bam cikin motar da mata da yara ke shiga?"

Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Yaran Khan Yunis fa, wa ya taɓa tambaya a kansu?"

Maganarsa gaskiya ce, kuma ta soke ni. Amma ba ta amsa tawa ba. Zaluncin da aka yi wa mutanensa ban taɓa shakkarsa ba, daga Yibna har zuwa yau. Sai dai abin da aka karantar da ni tun ina makarantar allo shi ne ko a fagen fama ba a taɓa mace da yaro da tsoho, kuma ban ga yadda jinin wani yaron zai biya na wani ba. Kwana uku muka yi muna gaisawa sama-sama. A na huɗu na tarar ya ajiye mini rabin burodinsa a kan faranti.

Ranar 22 ga Maris 2004 aka kashe Sheikh Yasin yana fitowa daga sallar asuba a kan kekensa na guragu. Rantisi ya gaje shi a Gaza, ya kuma shaida wa 'yan jarida cewa mutuwa ɗaya ce, amma ya fi son ta zo masa ta jirgin yaƙi na Apache da ta zo ta bugun zuciya. Ko wata guda bai cika a kan muƙamin ba.

Daren Asabar, 17 ga Afrilu, muna wurin mai shayi kusa da layin tarago, talabijin na kan Aljazira. Jan rubutu ya gifta a ƙasan allo cewa an kashe Rantisi, sai ga mota ta ƙone ƙurmus mutane sun yanyame ta. Abokina ya miƙe, kofin shayin ya kife a kan wandonsa, ko a jikinsa. Na kama hannunsa muka taka har bakin teku, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ni kuma ina ta maimaita Inna lillahi, don ban da wata kalmar da zan ba shi. Sai wajen ƙarfe biyu muka koma ɗaki.

Da safe muna da gwajin duba marasa lafiya a sashen yara. Na ce ya zauna in nema masa uzuri. Ya wanke fuska, ya sa farar rigarsa, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, ya riga ni fita. Yarinyar da ta faɗo a rabonsa 'yar wata takwas ce mai ciwon haƙarƙari, na hango shi yana ɗumama bakin abin da tafin hannunsa kafin ya ɗora mata a ƙirji.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku labarin wayar da aka bugo mini daga gida ana saura kwana tara jarrabawar ƙarshen shekara.