Tsakanin ba-ruwanmu da tsaka-tsaki

Makon jiya aka kawo mini wata 'yar takarda mai shafi huɗu in mayar da ita Hausa, ta horar da matasa masu aikin agajin gaggawa. Da fassara nake cin abinci shekara da shekaru, don haka na ɗauka kafin la'asar na gama. Sai ga ni kwana biyu a kan layi biyu na shafin farko.

Takardar ta jero ƙa'idoji bakwai na ƙungiyar Red Cross, waɗanda aka amince da su a taron Vienna na 1965. Ta biyu ita ce "impartiality", ta uku "neutrality". Ban tsaya dogon tunani ba na rubuta "rashin son kai" a gaban kowacce. Da na dawo ina bita sai biro ya tsaya mini. In da abu ɗaya suke nufi, ai da ba a ware masu layi biyu ba.

Na koma bayanin da ke ƙasansu. Ta "impartiality" tana cewa in an kawo maka mutum biyu jina-jina, kada ka tambayi ƙabila ko addini ko jam'iyya, wanda ya fi jin jiki shi za ka fara dubawa. Ɗayar kuwa cewa take kada ka tsoma baki a rigimar kanta, kada ka ce wane ne mai gaskiya, domin kowane ɓangare ya yarda ya ɗaga maka shinge ka wuce. Ashe ɗaya hannu take wa tarbiyya, ɗaya baki.

Asalin kalmar "neutrality" daga Latin ne, "neuter", wato ba wannan ba, ba kuma wancan ba. Ina cikin juya wannan a rai da daddare a ƙofar gida, kawuna, wanda ya yi shekara talatin yana jan tirela, ya ce, "Kai ɗan nan, me ya hana ka cin tuwo?" Na gaya masa. Ya miƙa hannun dama kamar ya kama giya, ya kaɗa shi hagu da dama, ya ce, "Ai firi ke nan. Inji na kuka, amma ba gaba ba baya." Ya ɗan yi shiru. "Sai dai fa mota a firi ba ta tsayuwa a gangare. Sai da burki."

Wannan magana ta Kawu ta fi ƙamus yi mini amfani, don ita ta tuna mini da Suwizalan. Tun 1815 manyan ƙasashen Turai suka amince cewa ba ta bayan kowa a yaƙi, amma har gobe tana da sojoji, kuma dole ne samarinta su yi aikin soja ko wani aikin ƙasa a madadinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma sai 2002 ta shiga. Da ta bi sahun Tarayyar Turai wajen ƙaƙaba wa Rasha takunkumi a 2022, 'yan ƙasar sun yi ta muhawara ko ƙafa ta fara sauka daga kan burkin. Suwidin kuwa, bayan shekara ɗari biyu ba ta shiga yaƙi ba, ta shige ƙawancen tsaro na NATO a 2024.

Kalmar da ta fi zuwa bakin Bahaushe a nan ita ce "ba-ruwanmu". Tun ina yaro nake jin "ƙasashen 'yan ba-ruwanmu" a rediyo, ana nufin ƙungiyar da aka kafa a Belgrade a 1961. Sunan yana da daɗin faɗi, ya kuma zauna daram, ba mai tayar da shi yanzu. Amma ni kullum ina jin an ɗan tauye su. Nasser na Masar ne ba ruwansa? Ko Nkrumah na Gana, wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a fafutukar korar 'yan mulkin mallaka daga Afirka? Abin da suka ƙi shi ne zama 'yan amshin shatan Amurka ko Tarayyar Sobiyet. A gidajenmu kuwa, in mutum ya ce "ba ruwana", ya kakkaɓe rigarsa ke nan ya juya baya. Wannan halin ko-in-kula ne, Turanci ma kalma dabam ya ba shi, "indifference". Ba zan iya gaya wa yaron da zai kutsa cikin hayaƙi ya ɗauko mai rauni cewa shi ɗan ba-ruwanmu ne ba.

Kame bakin ma yana da tsada, a ƙasarmu aka gani. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wasu likitocin Faransa da suka yi aiki da Red Cross a yankin Biyafara sun ga yunwar da ta cinye yara, suka kasa haɗiye ta. Suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a 1971, mai jinyar kowa ba bambanci amma ta bar wa kanta damar faɗin abin da idonta ya gani. Ni dai ina ganin girman mai yin shiru don a bar shi ya kai magani, amma zuciyata ta fi karkata ga waɗanda suka yi magana.

A ƙarshe "rashin nuna bambanci" na ba "impartiality". Ɗayar na daɗe ina jinjina "tsaka-tsaki", don takan nufi abin da ba babba ba ba ƙarami ba, wani ma zai ji kamar ana cewa a raba gaskiya biyu kowa ya ɗauki rabi. Sai na ƙara mata bayani a ƙasa: kada ka goyi bayan kowane ɓangare a rigima, da baki ko da aiki. Na fara rubuta "zama tsaka-tsaki", na tuna burkin Kawu, na soke "zama" na sa "tsayawa". Ranar Alhamis da hantsi na miƙa takardar.