Yadda muka nemo wa 'yan matanmu sabuwar kociyar ƙwallon kwando

A Amurka, da zarar an rufe gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i a farkon Afrilu, sai a buɗe wata kakar, ta sallama da ɗauka. Babbar jami'a ta kori kociyarta, ta zare ta wata, wadda aka zare wa ita ma ta miƙa hannu ƙasa ta ɗauko daga ƙaramar makaranta. A haka guguwar take gangarowa, har ta iso ƙaramar kwalejin da nake koyarwa a tsakiyar ƙasar. Kociyar ƙungiyarmu ta mata ta ce jiki ya gaji, za ta ajiye aiki bayan shekaru masu yawa tana kan kujerar.

Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta wajabta wa kowace makaranta ta naɗa malami ɗaya da zai wakilci malamai a harkar wasanni. A wurinmu ni ce, shi ya sa sunana ya shiga kwamitin neman magajiya, tare da daraktan wasanni, da jami'ar ɗaukar ma'aikata, da wasu kociyoyin makarantar. Mu a rukuni na uku na NCAA muke, inda ba a biya wa ɗaliba kuɗin makaranta saboda iya wasa. Yarinyar da ke buga mana ƙwallo son ranta ne ya kawo ta. Ranar da ta daina jin daɗi, sai ta miƙa rigarta ta koma ɗakin karatu, babu abin da ta rasa.

Tun a zaman farko kwamitin ya dare biyu. Akwai mataimakiyar koci da ta daɗe tana bauta wa ƙungiyar, ita ke tuƙa motar haya zuwa wasannin waje, ita ke sanin wacce yarinya ce iyayenta suka rabu, wacce ce ke fama da gwiwa. Wasu suka ce gadonta ne, a miƙa mata a huta. Daraktan wasanni kuma ya ce lokaci ya yi da za a shigo da sabon jini. Kowane ɓangare sai ya shiga jawo misali daga manyan jami'o'i.

Masu son baƙuwa misalin jami'ar Tennessee suka riƙe. Pat Summitt ta riƙe ƙungiyar daga 1974 zuwa 2012, ta ci wasa 1,098, ta ɗauki kofin ƙasa sau 8, har ciwon mantuwa ya tilasta mata sauka. Jami'ar ta miƙa wa Holly Warlick, tsohuwar 'yar wasanta wadda ta yi shekara 27 tana mataimaka mata. Warlick ba ta yi abin kunya ba, sau uku tana kai su zagayen 'yan takwas, amma aka sallame ta a 2019. Aka sake ɗauko 'yar gida, Kellie Harper, wadda ta ci kofi uku a jere tana 'yar wasa a hannun Summitt. Ita ma aka sallame ta a 2024. Tun 2008 Tennessee ba ta sake leƙa zagayen 'yan huɗu ba. Sai bayan sallamar Harper suka fita daga dangi, suka ɗauko Kim Caldwell, wadda ta ci kofin rukuni na biyu da Glenville State a 2022 ta kuma yi kaka ɗaya tak a Marshall. Ta zo da salon matsa wa abokan hamayya tun daga ƙarƙashin kwandonsu, tana canza 'yan wasa biyar a lokaci guda, kuma a kakarta ta farko suka doke UConn, wato jami'ar Connecticut, abin da rabonsu da shi tun 2007.

Masu son 'yar gida su ma ba su rasa hujja ba. Da Muffet McGraw ta sauka a Notre Dame a 2020, Niele Ivey aka bai wa, tsohuwar 'yar wasanta kuma mataimakiyarta, ta kuma kai su zagayen 'yan goma sha shida shekara huɗu a jere. A Iowa, Lisa Bluder ta yi ritaya a 2024 ta bar wa Jan Jensen, wadda suke tare tun daga jami'ar Drake, kuma duk da tafiyar tauraruwarsu Caitlin Clark ƙungiyar ta sake shiga gasar ƙasa. Nan take wani ya mayar da martani da Stanford: Tara VanDerveer ta sauka a 2024 da nasara 1,216, mataimakiyarta Kate Paye ta gaje ta, a 2025 Stanford ta kasa shiga gasar ƙasa, karo na farko tun 1987. Wani kuma ya ce ai ba laifin Paye ba ne, taurarin ƙungiyar ne suka tafi: Cameron Brink ta tafi WNBA, gasar ƙwararru ta mata, Kiki Iriafen ta koma jami'ar USC.

Da na ga muna zagaye wuri ɗaya, sai na ce a ajiye sunayen nan. Duk ra'ayin da mutum ya shigo da shi, zai samu jami'ar da za ta gaskata shi. Na roƙi kowa ya rubuta a takarda guda abin da yake gani ya lalace a ƙungiyarmu, ba tare da ambaton sunan wanda zai gyara ba. Wannan shi ne abu mafi amfani da muka yi a duk aikin. Da aka haɗa takardun, kusan bakinmu ɗaya. Ba cin wasa ne babban ciwonmu ba. 'Yan mata suna shigowa da zumuɗi, kafin su kai shekara ta uku sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Sannan duk 'yan wasanmu daga garuruwan da ke kewaye da mu suke fitowa, an daina zuwa nesa nema. Kuma lokacin atisaye yana karo da darussan ɗakin gwaje-gwaje, ɗaliban kimiyya su ne ke fara ficewa. Daga ranar muka san wace irin koci muke nema: wadda za ta riƙe yara, ta kuma iya zama da iyaye a falonsu ta shawo kansu.

Da aka saki talla, takardun neman aiki suka yi ta shigowa, mafi yawansu na maza. Wannan ya dame ni, kuma yana da tarihi. A 1972, shekarar da aka kafa dokar Title IX mai hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, sama da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Da kuɗi da daraja suka shigo, musamman bayan NCAA ta fara shirya gasar mata a 1982, maza suka ga aikin ya zama abin nema. Binciken da Vivian Acosta da Linda Carpenter suka daɗe suna yi ya nuna zuwa 2014 adadin ya sauko kusan kashi 43. Ita kuwa ƙofar horar da maza, har yau da ƙyar mace ke samun ratsa ta. Abin da ya sa McGraw ta fito fili a 2019 ta ce ta daina ɗaukar maza a matsayin mataimaka ke nan.

Ni ban ce namiji ba zai iya ba. Geno Auriemma yana UConn tun 1985, kofinsa 12, kuma mataimakiyarsa Chris Dailey tana gefensa tun ranar farko. Abin da na tsaya a kai shi ne kada mu zauna jiran wanda ya ga dama ya turo takarda, sannan mu ce daga ciki muka zaɓi mafi cancanta. Muka raba aiki, muka shiga buga waya ga kociyoyin yankin, muna tambaya wace mace suka sani da ta isa riƙe ƙungiya. Matan da muka kira, da yawa amsar farko iri ɗaya ce: “Ina ganin da saura, bari in ƙara shekara biyu.” A cikin tarin takardun kuwa akwai maza da ba su kai rabin gogewarsu ba, sun turo ba tare da ko ɗar ba. Ina tuna musu Rena Wakama, wadda tana matsayin mataimakiya a jami'ar Amurka aka ba ta D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, a 2023, ta ci kofin Afirka a Kigali a shekarar, ta kuma kai su zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Paris a 2024, matakin da babu ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka da ta taɓa takawa, ta maza ko ta mata. Wasu daga cikin waɗanda muka lallasa sun turo takarda.

Wajen ganawa, mun guje wa tambayoyin da kowa ya haddace amsarsu. Muka tura wa waɗanda suka kai matakin ƙarshe bidiyon wasanninmu, muka ce su zo su faɗa mana abin da suka gani. Gani ya kori ji. Akwai wani ɗan takara, mataimaki a jami'ar rukuni na ɗaya, takardarsa cike da manyan sunaye. Ya zo da zane-zane masu kyau a kwamfuta, ya iya magana. Amma duk shirinsa a kan kawo sababbin 'yan wasa ya ta'allaƙa. A duniyar da ya fito hakan daidai ne, domin tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya sheƙa ya fara wasa nan take, kuma yana iya samun kuɗi da sunansa. Kociya Kim Mulkey ta koma jami'ar LSU a 2021, ta jawo Angel Reese daga Maryland, a 2023 suka ɗauki kofi. Kenny Brooks ya bar Virginia Tech zuwa Kentucky a 2024, Georgia Amoore ta bi shi. To mu da me za mu jawo wata? Har ya tashi bai tambayi sunan ko ɗaya daga cikin yaran da zai tarar ba.

Wadda ta biyo bayansa babbar kociya ce a wata kwalejin da karatunta na shekara biyu ne, ɗaya daga cikin waɗanda muka yi ta roƙo. Ba ta zo da komai ba sai littafin rubutu da ya sha ninki. Tana cikin nuna bidiyo sai ta tsayar da shi a daidai wani wuri da ƙwallo ba ta ma kusa. Ta nuna wata 'yar wasanmu da bironta, ta ce: “Ku dubi wannan. Duk sanda ta yi kuskure, benci take waigawa kafin ta koma tsaro. Tsoron cirewa take yi. Kowane waige yana cinye mata taku biyu.” Ta mayar da bidiyon baya, ta nuna mana hakan a wurare daban-daban. Na sha zama a filin nan ina kallon yarinyar, ban taɓa lura ba. Daga nan ta juyo gare ni, ta ce: “Farfesa, ƙarfe nawa ɗaliban kimiyya ke fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje?”

Duk da haka ban yarda mu yanke hukunci da abin da muka gani a ɗaki ɗaya ba. Bincike muka yi irin na aure, wanda ba waliyyi ake tambaya ba, maƙwabta ake bi. Sunayen da ɗan takara ya rubuta a matsayin shaidu yabo kawai za su yi. Da izinin 'yan takarar, muka nemi tsofaffin 'yan wasansu, kuma na dage a haɗa da 'yan benci, waɗanda ba a cika sa su wasa ba. Tauraruwa kowane koci yana tarairayarta. Wata tsohuwar 'yar benci ta wannan baiwar Allah ta ce min a kakarta ta ƙarshe da ƙyar take samun minti biyar a wasa, amma kowane mako kociyar tana zaunar da ita ta faɗa mata dalili, da abin da za ta gyara, kuma ita ta cika mata takardun komawa jami'ar shekara huɗu. Na tambaye ta ko za ta tura ƙanwarta wurinta. Ta ce ta riga ta tura.

Mun kuma bar 'yan matanmu su gana da kowane ɗan takara ba tare da mu a ɗakin ba. Tun farko mun faɗa musu gaskiya cewa ra'ayinsu za mu ji, amma ba su ne za su zaɓa ba, don kada wadda aka ɗauka ta shigo tana bin wasu bashi, wasu kuma suna ganin an yi watsi da su.

Mataimakiyarmu ita ma ta yi ganawar kamar kowa, ba ta jeka-na-yi-ka ba, kuma ta yi ƙoƙari. Sai dai da aka tambaye ta me za ta canza, amsarta ba ta wuce ci gaba da abin da ta tarar ba, alhali takardar da muka rubuta tun farko ta ce abin da aka saba ɗin ne ke korar yara. Raina ya sosu, don ina ƙaunarta. Na nemi daraktan ya kira ta ofis ya faɗa mata baki da baki kafin sanarwa ta fita, ya kuma bayyana mata inda ta gaza ba tare da kwana-kwana ba. Ya yi hakan. Ta yi kuka, ta gode, daga baya muka rubuta mata shaidar da ta cancanta, ta samu shugabancin ƙungiya a wata makarantar.

Saura batun lokaci. Kafin sabuwar kociyar ta sa hannu, na kawo wa kwamiti labarin Dawn Staley. South Carolina ta ɗauke ta daga Temple a 2008. A kakarta ta farko wasa 10 ta ci, aka ci ta 18. Sai a shekara ta huɗu ta shiga gasar ƙasa, sai a ta tara, 2017, ta ɗauki kofi, ta ƙara a 2022 da 2024. Da an auna ta da sakamakon shekara biyun farko, da tuni an sallame ta. Don haka muka rubuta a fili abin da za a duba a shekara ukun farko: yara nawa suka tsaya har suka kammala karatu, daga ina sababbi ke zuwa, yaya sakamakon jarrabawarsu. Yawan cin wasa ya zo a ƙasan jerin, kuma shugaban kwalejin ya sa hannu a kai.

A kakarta ta farko an fi cin mu fiye da yadda muka ci, kuma wasu iyaye sun fara ƙorafi tun kafin hutun Disamba. Daraktan ya ɗauko takardar ya karanta musu. Atisaye ya koma sassafe, ɗaliban kimiyya sun daina ficewa, yarinyar nan mai waige yanzu ita ke tsara tsaro da babbar murya. Abin da ke gabana a wannan zangon shi ne kujerar mataimakiya, wadda har yanzu ta wucin gadi ce, albashinta ko kuɗin haya ba ya biya. Na shigar da buƙatar a mayar da ita cikakken aiki a kasafin baɗi, kuma kwamitin kuɗi zai zauna a kai wata mai zuwa.