Rabin Tuwon da Baba Yake Bari

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki nake lura cewa idan an kawo masa tuwo, yakan cinye na dama ya bar na hagu, alhali idanunsa lafiya lau suke. Likita ya bayyana mini cewa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa ne ya taɓu. Akwai wata gada mai zaren jijiya kimanin miliyan 200 da ke haɗa ɓangarorin biyu, kuma ta nan kowanne ke daidaita ƙarfin ɗan'uwansa; da na dama ya raunana, sai na hagu ya rinjaye shi ya karkatar da hankali zuwa dama. Yanzu nakan juya masa kwanon a hankali, ya ci gaba da ci.