Safiyar Talata a gidan ruhubanawa na Santa Katarina

Mun sauko daga Dutsen Musa da ke yankin Sinai na ƙasar Masar da hantsi, gwiwoyina suna rawa saboda matakalan dutse kusan 3,750 da muka biyo, sai muka tarar da baƙi sun yi layi a bakin wata 'yar ƙofa da ke jikin ganuwar gidan ruhubanawan. Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina wurin tsakanin shekarar 548 da 565, kuma tun daga wancan zamani ruhubanawan ɗarikar Otodoks ta Girka ba su daina ibada a cikinsa ba.

Na zo da zaton zan ga gidan tarihi, ashe gidan mutane na shigo. Wani dattijon ruhubani mai baƙar riga da farin gemu yana zuba man zaitun a fitilun cocin ɗaya bayan ɗaya, bai ko ɗaga kai ya dube mu ba sai da wani Bature ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, sannan ya girgiza masa yatsa ba tare da ya ce uffan ba. Kunya ta kama ni, domin tawa wayar ma tana hannuna.

A bayan cocin akwai ɗan kurmin da suke cewa shi ne Annabi Musa ya gani yana cin wuta, kuma a wurinsa Allah ya yi magana da shi. Mutane suna ta tsalle don su tsinki ganye, abin da ban ga dacewarsa ba, kuma sai da na danne dariya da na hango tukunyar kashe gobara a ajiye kusa da shi.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne hasumiyar masallacin da aka kafa a cikin gidan a zamanin daular Musulunci ta Fatimiyawa, tsaye kafaɗa da kafaɗa da hasumiyar ƙararrawa. Jagoranmu, Balarabe Musulmi daga ƙabilar Jabaliya, wadda ta daɗe tana yi wa gidan hidima, ya nuna mini kwafin takardar amana da ruhubanawan suke dangantawa ga Manzon Allah (SAW), ya ce asalinta Sarki Salim na Daular Usmaniyya ya tafi da ita Istanbul a 1517.

Kafin azahar aka fara sallamar baƙi, domin lokacin addu'arsu ya gabato. Ina ɗaure igiyar takalmina a waje na ji an tura ƙofar an sa sakata.