Sauya fikof a jita mai rabin rami: abin da za ka auna kafin ka zaro kuɗi

A jitar Les Paul ko Stratocaster, sauya fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai wa amfilifaya, aikin bayan la'asar ne: ka kwance murfi, ka liƙa waya biyu, ka mayar. Jita mai rabin rami, irin Gibson ES-335 da 'yan uwanta Epiphone Dot da Sheraton da Ibanez AS73, ba ta da murfi a bayanta. Fot huɗu da ke ƙarƙashin murɗun sauti, makunnin zaɓar fikof da soket, a yawancin irin waɗannan jitoci ta tsagar nan mai siffar harafin f aka zura su, kuma ta nan za su fito. Wanda ya saya kan kuskure zai sake wannan wahalar daga farko, don haka zaɓin ya cancanci a zauna a yi shi da mita a hannu.

Gibson ta fito da ES-335 a 1958. Jikinta falle-fallen katako ne da aka manne, gefe da gefe rami, sannan gungumen katako ya ratsa tsakiya daga wuya zuwa gindi, a kansa gadar tsirkiya da fikof suke zaune. Wannan ginin yana ba sautin kauri da taushi tun kafin a jona waya. Abin da jitar ke nema daga fikof shi ne tsabta da kaifi, kauri kam tana da nata. Nan ne kuskuren da aka fi yi yake: mutum ya ji jitarsa ta dushe, sai ya je ya sayo fikof mafi ƙarfi, ya ƙara wa Barno dawaki.

Fikof ba komai ba ne illa siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe kusa da maganaɗisu. Hambaka, mai naɗi biyu da ke kashe gurnanin lantarki, Seth Lover ne ya ƙera wa Gibson, ta fara hawa jita a 1957, ita ce ake kira PAF. Kowane naɗi nata zagaye kusan 5,000 ne na waya mai lamba 42, kuma mita kan nuna tsakanin kilo-om 7.5 da 9. Ƙara yawan zagaye yana ƙara ƙarfi da sautin tsakiya, yana kuma cinye kaifi. Seymour Duncan JB tana kai wajen 16, DiMarzio Super Distortion ta haura 13 da maganaɗisun siramik. Su biyun fikof ne na kirki a jikin da ba rami. A wuyan jita mai rabin rami kuwa, fikof mai irin wannan ƙarfin yana cakuɗa tsirkiyoyin ƙasa har ka kasa rarrabe su idan ka kaɗa shida tare. Ma'aunin da nake bayarwa shi ne 7.2 zuwa 7.8 a wuya, 8 zuwa 8.8 a gada. Ana ba ta gada ɗan fifiko ne saboda tsirkiya ba ta lilo sosai a wajen, sautinta ya fi rauni.

Wannan lamba ta om tana da amfani ne kawai idan kaurin wayar ɗaya ne. Waya mai lamba 43 ta fi siranta, tana nuna lamba babba ko da zagayen bai ƙaru ba. Zafi ma yana motsa ta: turjiyar jan ƙarfe na hawa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, kamfanoni kuma a ɗaki mai sanyi suke awo. Fikof da aka rubuta masa 8.0 zai iya nuna 8.6 a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, kuma lafiyarsa ƙalau.

Batun maganaɗisu an fi zuzuta shi fiye da kima. Alnico 2 ya fi laushi, kaifinsa ba ya sukar kunne, shi ke cikin Gibson '57 Classic da Seymour Duncan Seth Lover. Alnico 5 ya fi ƙarfi, ƙasansa a ɗaure, samansa a buɗe, shi ke cikin Seymour Duncan '59 da Jazz. Jitar da ta dushe tana son Alnico 5 a wuya. Wadda gadarta ke tsini tana son Alnico 2 a can. Iyakar abin ke nan.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kaki. Jita mai rami tana yin ƙara iri biyu a gaban amfilifaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko gunji ne mai kauri, jikin jitar da tsirkiya ne ke amsa lasifika; ka ɗora tafin hannu a kan tsirkiya zai lafa. Sauya fikof ba ya warkar da shi. Matsawa daga gaban lasifika, rage sautin ƙasa, ko toshe tsagar f da soso, su ne magani. B.B. King ya daɗe yana cusa tsumma a cikin jitarsa, har Gibson ta ƙera masa Lucille ba tsagar f sam. Na biyu tsuwwa ce mai huda kunne wadda ba ta tsayawa ko ka danne tsirkiya duka. Wannan daga cikin fikof take: zagayen wayar ko murfin ƙarfen ne ke kakkarwa. Ana hana ta da tsoma fikof a narkakken kaki, galibi kashi 80 na kakin kyandir da 20 na kakin zuma, a zafin da bai wuce digiri 65 ba. PAF na asali ba a tsoma su ba, kuma Seth Lover ta Seymour Duncan haka ake sayar da ita da gangan, saboda sautin ya fi numfashi, kana jin taɓin yatsa a ciki. Mai kiɗa a ɗakin ɗaukar sauti ko da amfilifaya a tsaka-tsaki zai ji daɗinta ƙwarai. Mai kiɗa a dandali, lasifika a gaban ƙafarsa, sauti a murɗe, ya sayi mai kaki kawai, kar ya yi wa kansa dogon lissafi.

Akwai P-90, mai naɗi ɗaya mai faɗi, da Gibson ta fitar tun 1946. A jiki mai rami sautinta yana da cizo da tsabtar da hambaka ba ta kaiwa, kuma ana yin ta da girman ramin hambaka, kamar Gibson P-94 da Phat Cat, ba sai an sassaƙe jita ba. Ni ina ƙaunar wannan sautin. Amma naɗi ɗaya yana zuƙar gurnanin lantarki, kuma inda ake kiɗa da janareta, soket ba wayar ƙasa, fitilu da caja a layi ɗaya da amfilifaya, gurnanin zai iya rufe kiɗan. Wanda ya nace, ya nemi saiti wanda ɗaya naɗinsa da maganaɗisunsa suke a juye, don a samu shiru aƙalla idan makunni yana tsakiya. Epiphone Casino daban take: ramin ciki ne gaba ɗaya, P-90 nata masu kunnuwa ne da ake ɗaurewa a saman jiki, hambaka ba ta shiga wurin.

Kafin duk wannan, a tabbata laifin na fikof ne. Sau da yawa fot ne, wato abin da ke ƙarƙashin murɗar ƙara da ta launin sauti. Hambaka tana son fot mai 500k, wato kilo-om 500. Gibson ta yi shekaru tun daga 1970 da wani abu tana sa 300k a murɗar ƙara, fot masu araha kuma kan kauce wa lambarsu da kashi 20 cikin 100. Ƙaramin fot yana zubar da kaifi zuwa ƙasa. Ana iya auna shi ba tare da an ciro komai ba. Soka waya a jitar, ɗora mita a ɗaya bakin, kai makunni kan fikof ɗaya. Murɗa a buɗe duka, za ka ga turjiyar fikof, ƙasa kaɗan da gaskiyarta. Sai ka riƙa rage murɗar a hankali har lambar ta kai ƙololuwa ta fara saukowa. Ninka wannan ƙololuwar sau huɗu, ka cire turjiyar fikof, ka sami fot. Wajen 127 yana nufin 500k, wajen 77 yana nufin 300k. Idan 300k ka samu, fot biyu sun fi fikof biyu araha nesa ba kusa ba. Tsayin fikof ma a gwada shi: danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ƙarfen da ke gicciye a wuyan jita mafi kusa da fikof, ka bar milimita 2.4 tsakaninta da kan fikof na wuya, 1.6 a na gada. Na wuya da ya taso da yawa yana yin kumburin sauti da mutane ke ɗora wa fikof.

Sai awon jiki, inda kuɗi ke yawan salwanta. Tazarar kusoshin fikof daga tsirkiyar farko zuwa ta shida milimita 49.2 ce a tsarin Gibson, yawancin jitocin Asiya kuma 50 a wuya, 52 a gada. Bambancin milimita biyu ko uku ba ya kashe sauti, amma tsohon murfi ba zai hau sabon fikof ba. Ƙafafun fikof akwai dogaye akwai gajeru; gajere yana shiga ko'ina, dogo kan tokare katako a ramin da ba zurfi. Kusoshin ɗaga fikof na Amurka awon inci ne, na Asiya awon milimita, don haka yi aiki da waɗanda suka zo da sabon, amma ka riƙe tsohon zoben roba, domin ramukansa ne suka dace da jikin jitar. Idan murfin ƙarfe za ka sa, nemi na garwayen nikel. Na farar tagulla da aka shafe yana rage kaifi a fili. Wuyan fot na kamfanin CTS milimita 9.5 ne, ramin Epiphone da Ibanez kusan 8. A buɗe ramin da abin faɗaɗawa mai tsini ana juyawa da hannu. Injin huda yana fizge fenti da fallen katako. Tsofaffin murɗu ma ba za su hau ba, haƙoran sandar CTS 24 ne, na tsofaffin 18. Sannan auna faɗin tsagar f: babban fot milimita 24 ne, a jita mai ƙunƙuntar tsaga kamar wasu Sheraton sai ƙarami mai 16.

Hanyar sakawa biyu ce. Mai sauƙi: ciro tsohon fikof, yanke wayarsa ka bar santimita 8 zuwa 10 a cikin ramin, ka haɗa sabuwar a nan, ta tsakiya da ta tsakiya, saƙar waje da wayar ƙasa, kowace a rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi. Wasu na raina wannan hanyar, amma haɗin da aka liƙa da kyau kunne ba ya jin sa. Idan fot ɗin lafiya suke, ita ce daidai.

Idan har fot za a sauya, sai a fito da komai. Manna tef na takarda a gefen tsagar f, ka shimfiɗa tsumma a kan jiki. Kafin ka kwance noti, soka siririn tiyon roba, irin na fetur a babur, mai tsawon santimita 50 a kan sandar kowane fot, ka ɗaura zare mai ƙarfi a makunni da soket. Su ne za su jawo kowane abu ya koma raminsa. Zana ramukan a kan kwali, ka huda, ka haɗa sababbin kayan a kai, da kafasita mai maikrofarad 0.022 a kowane fot na launin sauti, ka bar wa wayoyi ɗan sako-sako. Ƙarfen liƙi mai wat 40 da dalma 60/40 sun isa; ƙarami yana sa ka daɗe a bayan fot har cikinsa ya ƙone. Wayar da ke da saƙar ƙarfe tsirara a waje, a sa mata riga, domin cikin rami tana yawo, ranar da ta taɓa ƙafar makunni sauti ya ɗauke. Kar a manta siririyar wayar da ta fito daga gindin gada zuwa bayan fot. Idan ta tsinke, jitar za ta yi ta zuuu ko hannunka na kan tsirkiya.

Launin waya ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. A Seymour Duncan baƙa ce mai sauti, kore da tsirara ƙasa, ja da fara a haɗe a rufe. A DiMarzio ja ce mai sauti, kore ƙasa, baƙa da fara a haɗe. A Gibson mai waya huɗu ja ce mai sauti, baƙa ƙasa, kore da fara a haɗe. Haɗa kamfani biyu kan sa fikof su yi hannun riga, sai tsakiyar makunni ta fito siririya kamar ana magana ta hanci. Gwada tun kayan suna kan kwali: mita a kan om, ɗora sukundireba a kan kusoshin fikof, ka ɗaga da sauri. Lambar za ta yi tsalle sama ko ƙasa, kuma dole duka biyun su yi gefe ɗaya. Idan sun saɓa, a mai waya huɗu sai a musanya ta sauti da ta ƙasa, tsirarar ta zauna inda take. A mai saƙa ɗaya ba a musanyawa, sai an buɗe an juya maganaɗisu. Bayan nan jona amfilifaya, ƙwanƙwasa kowane fikof a matsayi uku na makunni, murɗa fot huɗun ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fara zura soket, shi ne mafi nisa daga tsagar, fot na launin sauti su bi shi.